Koyar da yare a ƙasar waje: wace makaranta za ka zaɓa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar masu son fita waje koyar da yare za mu yi, musamman Turanci, kuma tun kafin mu je kan albashi bari mu fara da abin da yake kayar da mutane da yawa, wato fasfo.

Koriya ta Kudu alal misali, shirinsu na gwamnati da ake ce wa EPIK da bizar koyar da Turanci ta E-2, galibi 'yan ƙasashe 7 ake ba: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ireland, Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. To ka ga kai mai koren fasfo ko Turancinka ya fi na Sarkin Ingila ba ka cikin lissafi, saboda haka duk ejan da ya ce maka kawo kuɗi zai shigar da kai ta wannan hanyar, ka riƙe aljihunka. Tailan kuma da sauƙi, suna ɗaukar wanda Turanci ba yarensa na gado ba ne, amma sai ka nuna digiri da sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC. A Sin bizar aiki sunanta Z, in makaranta ta ce ka zo da bizar yawon buɗe ido "za mu gyara daga baya", wallahi kar ka tafi, don in aka kai samame kai za a kama a ci tara a koro ka gida. Sannan ka tuna tun 2021 gwamnatin Sin ta taka wa cibiyoyin lesin masu zaman kansu burki, kasuwar ta canza sosai.

Satifiket fa? CELTA ta Cambridge ita ce aka fi sani, kwas ne na wajen awa 120 kuma akwai awa 6 da za ka tsaya gaban ɗalibai na gaske ana duba yadda kake koyarwa. Irin satifiket ɗin koyar da Turancin nan na TEFL na intanet da ake gamawa a kwana biyu, hmm, manyan makarantu sun san bambancin.

To yanzu a ce Allah ya sa an ba ka aiki wuri biyu. Misali ne kawai nake bayarwa, ta farko ta ce dala 1,500 a wata amma kai za ka kama haya, ta biyu dala 1,100 amma da gida da inshorar lafiya da tikitin zuwa da dawowa. Mafi yawanmu ido zai tafi kan ta farko, alhali in ka cire haya da kuɗin ajiya da mai gida zai nema da kuɗin mota kullum da haraji, sai ka ga ta biyun ce take barin ka da abin turowa gida. Lissafin da za ka yi shi ne nawa zai rage a hannunka ƙarshen wata.

Sai maganar awanni, nan ma ake yi wa mutane wayo. Za a rubuta awa 20 na aji a sati, ba za a faɗa maka akwai zaman ofis da makin da taron iyayen yara ranar Asabar ba. Ka tambaya a rubuce, awa nawa zan kasance a cikin makaranta, kuma in na wuce ana biya?

In Saudiyya ce, ka tabbatar su za su yi maka iƙama, kuma fasfonka a hannunka zai zauna, dokar ƙasar ma ta hana mai aiki riƙe shi. Akwai kuma kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, ka duba yadda aka rubuta shi a kwantiragi da abin da zai faru in kai ne ka ajiye aikin.

Af, kar na manta, Hausar nan da muke yi ma ana koyar da ita a waje. Shirin Fulbright FLTA yana kai matasan malamai jami'o'in Amurka su koyar da yarensu na shekarar karatu ɗaya, Hausa na ciki, alawus ake ba ka kuma dole ka dawo gida in ka gama, amma ta ofishin jakadancin Amurka ake nema, babu dillali a tsakani. A Beijing da Warsaw ma akwai jami'o'in da ake karanta Hausa.

Abu na ƙarshe da ni dai zan yi kafin na sa hannu, zan ce su haɗa ni da wani malami baƙo da yake aiki a wajen yanzu, in ma da hali wanda ya bar aikin. Zan tambaye shi ranar nawa ga wata albashi yake shiga, gidan da suka nuna a hoto shi ne na gaske, kuma malamai nawa suka tafi bara kafin kwantiraginsu ya ƙare. In makarantar ta fara kame-kame a kan wannan ƴar buƙatar, sai na koma kan ɗayar makarantar.