Knock: bangon cocin da ya jawo filin jirgin sama

Akwai wani bango da ya cancanci a dube shi da kyau. Na wata ƙaramar cocin Katolika ne da aka gina a 1828 a ƙauyen Knock, yammacin ƙasar Ayalan. Ya yi shekara 51 a tsaye ba wanda ya damu da shi.

Sai yammacin 21 ga Agusta, 1879. Shekarar wahala ce, dankali ya lalace a gona, kowa na fargabar yunwa. Ana tsuga ruwan sama, wasu mata biyu suka ce sun hango haske a jikin bangon: ga Budurwa Maryamu cikin fararen kaya, mijinta Yusufu a gefe guda, Manzo Yohanna a ɗaya gefen riƙe da littafi, ga kuma ɗan rago a kan bagade. Aka kira maƙwabta, suka tsaya cikin ruwan kusan awa 2 suna addu'a. Wata tsohuwa da ta haura 70 ta ce ta matsa don ta sumbaci ƙafafun Maryamu, hannunta bai taɓa komai ba sai bango.

A Lourdes ta Faransa da Fatima ta Portugal, inda aka ce Maryamu ta bayyana, an ce ta yi magana. A Knock ko uffan ba wanda ya ji. Fadan cocin kansa, Bartholomew Cavanagh, an kai masa labari a daren, bai fito ba.

Mutum 15 suka ba da shaida gaban kwamitin bincike a shekarar, aka sake wani binciken a 1936, duka biyun suka ce shaidun abin yarda ne. Amma jama'a ba su jira kwamiti ba. Suka riƙa ɓantarar simintin bangon suna tafiya da shi gida don neman waraka.

Wanda ya sauya fasalin wurin shi ne Fada James Horan. Ya gina katafariyar majami'a mai cin mutum 10,000 a 1976, Paparoma John Paul II ya zo a 1979. Daga nan Horan ya dage sai an yi filin jirgin sama don masu zuwa ziyara a kan wani tudu mai taɓo da hazo. An yi masa dariya sosai. Aka buɗe filin a hukumance a Mayun 1986, shi kuma ya rasu a Agusta, yana ziyarar ibada a Lourdes.

Bangon kuwa yana nan, an gina masa ɗakin addu'a, da fararen mutum-mutumi a daidai inda shaidun suka nuna.