Shafin fam 100 da aka sayar a kan fam miliyan 87: daga ina kuɗin MoneySavingExpert ke shigowa?

A watan Fabrairun 2003, wani ɗan jarida a Birtaniya mai suna Martin Lewis ya biya kimanin fam 100 aka gina masa shafin intanet. Ya sa masa suna MoneySavingExpert. Aikin shafin shi ne ya nuna wa mutane wane banki ne ya fi ba da riba a kan ajiya, wane katin bashi ne ya fi sauƙin ruwa, wane kamfanin wuta da gas ne ya fi araha. Mai karatu ba ya biyan ko kwabo, kuma ba a manna tallace-tallace a gefen shafin. To ta ina ake samun kuɗi?

Amsar ita ce la'ada, irin wadda dillali ke karɓa idan ciniki ya faɗa.  A shafin za ka ga jerin katunan bashi, misali, kuma a jikin sunan wasu akwai ɗan tauraro. Duk mahaɗin (wato wurin latsawa mai kai ka wani shafi) da ke da tauraron nan yana iya kawo wa shafin kuɗi. Idan ka latsa shi, zai kai ka shafin bankin ɗauke da wata lambar shaida da ke nuna daga inda ka fito. Bankin zai ajiye lambar. Wasu kamfanoni suna biya a kan kowane latsawa, wasu sai ka cike takardar neman katin, wasu kuwa ba sa sakin sisi sai an amince an ba ka. Farashin da za ka biya bai canza ba, ko ka bi ta mahaɗin ko ka tafi kai tsaye.

A nan ne haɗarin sana'ar yake. Dillalin da ke karɓar la'ada daga mai kaya, zuciyarsa za ta karkata ga wanda ya fi ba shi tsoka. Dokar da shafin ya gindaya wa kansa ita ce a jera aikin haka: 'yan jarida su fara bincike su rubuta abin da ya fi amfanar mai karatu, sai bayan an gama wani sashe daban ya duba ko akwai mahaɗin la'ada na waɗannan kayan. Idan wanda ya zo na ɗaya ba ya biyan komai, yana nan a na ɗaya, ba tauraro. A ganina wannan jerin, rubutu kafin ciniki, shi ne ainihin jarin kamfanin, ya fi duk wata na'ura da suka mallaka daraja.

Yardar jama'a kuma ba da jerin farashi kaɗai aka same ta ba. Bankunan Birtaniya sun kasance suna cirar fam 30 ko fiye duk lokacin da asusun mutum ya zarce iyakar da aka yarje masa. Shafin ya tsara wasiƙar neman a mayar da kuɗin, naka kawai ka sa suna da lambar asusu ka aika. An sauke miliyoyin kwafi, mutane da yawa sun karɓi kuɗinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwambar 2009 wanda ya yi wa bankuna daɗi, guguwar ta lafa.

Sai batun PPI, wata inshora da ake liƙa wa bashi, wai za ta biya maka idan ka kwanta ciwo ko ka rasa aiki. An sayar wa masu sana'ar kansu da sharuɗɗanta suka riga suka hana su amfana, an kuma cusa wa wasu ba tare da saninsu ba. Kamfanonin da ke karɓo wa mutane diyya suna yanke kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Shafin ya ce kada ka ba kowa, ga wasiƙa kyauta, yi da kanka. Kafin a rufe karɓar koke ranar 29 ga Agustan 2019, da biyan da ya biyo baya, abin da bankuna suka mayar ya haura fam biliyan 38. Waɗannan wasiƙu ba su da la'ada, amma wanda ya karɓi fam dubu ta dalilinka, gobe idan zai canza inshorar mota wurinka zai fara zuwa.

A 2012 Lewis ya sayar da shafin ga MoneySupermarket, kamfanin kwatanta farashi, a kan kuɗin da zai iya kai fam miliyan 87: miliyan 60 tsabar kuɗi da hannun jari nan take, sauran 27 sai bayan shekara 3 idan an cika sharuɗɗa. Masu karatu sun damu, kuma suna da hujja, domin mai saye shi kansa dillali ne. Shi ya sa aka saka ƙa'idar 'yancin edita cikin yarjejeniyar, Lewis kuma ya ci gaba da jan ragamar rubutun.

Wani abu da ke cutar da mai nema: a Birtaniya duk lokacin da ka nemi katin bashi, ana rubuta binciken da bankin ya yi a kanka a tarihin bashinka. Ka nema sau uku a jere aka hana ka, banki na huɗu zai ga alamun, ya ƙara tsorata. Shafin ya samar da na'urar lissafi mai leƙa bayananka ba tare da barin tabon da masu ba da bashi ke gani ba, ta faɗa maka yiwuwar samun kowane kati kafin ka nema. Mai nema ya tsira da sunansa, banki ya samu wanda ya cancanta, shafin ya samu la'adar da ta fi tabbas.

Raunin wannan kasuwanci ya fito fili a ƙarshen 2021. Farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin makamashi sama da 20 suka durƙushe, waɗanda suka rage suka janye tayinsu masu araha. Shawara ta gaskiya ga yawancin gidaje ta koma: zauna inda kake, a ƙarƙashin iyakar farashin da Ofgem, hukumar kula da harkar wuta da gas, ta ƙayyade. Haka shafin ya faɗa, alhali la'adar makamashi tana zuwa ne kawai idan mutum ya canza kamfani.

Sunan da aka yarda da shi kuma yana jawo ɓarayi. 'Yan damfara sun riƙa sa hoton Lewis a tallan zuba jari na bogi, har ya kai Facebook kotu a 2018. A Janairun 2019 ya janye ƙarar bayan kamfanin ya amince ya ba ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kyauta, fam miliyan 3 don yaƙi da damfara, ya kuma samar da maɓallin kai ƙarar tallan bogi ga masu amfani da shi a Birtaniya. Lewis ya sha nanatawa cewa ba ya yin talla wa kowa, don haka duk tallan da ya ɓullo a wayarka da fuskarsa yana kiran ka zuba kuɗi, na ƙarya ne.