Abin da ruwan laka yake faɗa wa likita idan bairos ya shiga ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna ji na? To madalla.

Mu fara da ruwan shi kansa. Ƙwaƙwalwa da laka a cikin ruwa suke, garai-garai, babban mutum yana da kamar mililita 150, kuma jiki yana yin kusan 500 kullum yana sabunta shi. Tun 1891 wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya nuna yadda ake sa allura a ƙugu a ɗebo shi. Na san mutanenmu da tsoron allurar nan, wai da an cire ruwan baya sai mutum ya shanye ko ya mutu. Ai galibi sai ciwo ya ci ƙarfin mara lafiya ake kawo shi, shi ya sa ake ɗora wa allura laifi, alhali inda ake sokawa laka ma ba ta kai wurin ba.

To an ɗebo, me ake gani? In sanƙarau ne na bakteriya, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996, ruwan zai yi gurɓi, suga ya faɗi, furotin ya hau sosai. In bairos ne kuwa ruwan zai iya fitowa tas, suga daidai, furotin ya ɗan ɗaga kawai, ga mara lafiya yana jijjiga yana sambatu, kai kuma ba ka san maleriya ce ta hau kai ba ko tarin fuka ne ko me.

Wanda ya fi tada mana hankali shi ne hapis, wannan dai mai fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi. In ya shiga ƙwaƙwalwa yana zuwa ɓangaren da ke daidai kunne, mutum ya canza hali, ya manta mutane, ya riƙa jin warin da babu, sai a gida a ce iska ce a yi ta ruƙiyya kwana da kwanaki. In ba a ba da magani ba, cikin mutum 10 kusan 7 mutuwa suke. Kuma maganin yana nan, asaikulobiya, ta jijiya sati 2 zuwa 3, amma fa sai an fara da wuri.

Tun farkon shekarun 1990 gwajin PCR ake yi, yana neman ƙwayar halittar bairos ɗin a cikin ruwan. Gwaji ne mai kyau wallahi, sai dai a kwana 3 na farko yana iya cewa babu alhali akwai, sannan abin da ka ce ya nemo shi kaɗai zai nemo. A Ingila ma da kayan aikinsu, wani babban bincike da ya fito a 2010 ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na masu kumburin ƙwaƙwalwa ba a gano musabbabin ba.

Nan ne maganar furotin ta shigo. In ba ka kama ɓarawo ba ai ka duba sawu. Jiki in ya ji bairos yana sakin wani sinadarin garkuwa da ake kira intafero, shi kuma ya tada wasu furotin kamar CXCL10 mai kiran ƙwayoyin garkuwa su zo. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa in sun lalace suna zubar da wani furotin mai suna NfL, akwai kuma wani mai suna GFAP daga ƙwayoyin da ke tallafa musu. Yanzu akwai na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin furotin, daga ɗan ruwa kaɗan ta lissafo ɗaruruwan furotin, sai a kwatanta na mai bairos da na mai bakteriya da na wanda garkuwar jikinsa ce ta juya masa, irin ciwon NMDA da Josep Dalmau ya bayyana a 2007. Wannan bambancin ba wasa ba ne, don shi na ƙarshen danne garkuwa ake yi masa.

Amma kar ku fita ku ce na ce an gama. NfL yana hawa a shanyewar ɓarin jiki ma, CXCL10 yana hawa a wasu kumburin da ba na bairos ba, don haka ni ban yarda furotin ɗaya zai raba gardama ba, sai dai a haɗa 3 ko 4 a karanta tare. Kuma in abin zai tsaya a na'urar miliyoyi, bai amfani mai jinya a asibitin ƙaramar hukuma ba, sai ya koma ɗan tsinken gwaji irin na kiriptokokas, wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau, da ake wa masu HIV, minti 10 ka ga sakamako.

Kafin nan dai, zazzaɓi da canjin hali ko jijjiga, a ɗebi ruwa, a fara asaikulobiya ba sai an jira sakamako ba. Hajiya na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.