Amsoshin Tambayoyinku: Ƙafar gaban tsohuwar Hiace

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta fari daga wani direba ce mai jigila tsakanin Tawa da Ƙonni. Ya ce Hiace ɗinsa ƙirar 1996 tana ƙwas-ƙwas a gaba duk sanda ta faɗa rami, ga shi an samo masa rotil (mahaɗin ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ke riƙe ƙafar mota) da hannun ƙafa na wata ƙirar 2006 da araha. Ko ya ɗaura?

Malam direba, don Allah kar ka ɗaura. Toyota ta fara irin taka a 1989, ta canza gangar jiki a 2004, to ta 2006 wata mota ce daban, sunan kawai suka haɗa. Ko a shekara ɗaya ma akwai bambanci: tun 1995 ake kai wa Turai mai ɗan hanci, alhali taka mai shafaffiyar fuska ce. Shi ya sa ba na son mutum ya shiga kasuwar Katako a Yamai yana cewa "a ba ni na 96". Kwafi lambar shasi da lambar ƙirar motar, wadda ke farawa da LH ko KZH in mai gazuwal ce, ko RZH in mai esans, ka kuma riƙe tsohon ƙarfen a hannu. A aza shi kusa da sabon, a ƙirga ramukan noti, a gwada kaurin kan rotil.

Kafin ma ka kashe kuɗi, a ɗaga motar. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, rotil ne ko rulma, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. In hagu da dama take wasa, a duba sandar sitiyari. Sau da yawa roba ce kawai ta cinye. Na taɓa ganin rotil ya fita a kan hanya, taya ta kwanta ƙarƙashin mota cike da mata da yara, abin bai bar raina ba har yau.

Wata hajiya mai irin wannan mota a nan Tawa ta ce tun da aka yi gyara motar ta karkata. Hajiya, a duba sandunan torsiyon biyu, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da nauyin gaban mota, akwai L a na hagu, R a na dama, ba a musanya su. A daidaita tsayin, a ƙarasa ɗaure notin roba bayan an sauke mota ƙasa, sannan a kai ta saitin taya.