Sharhi: Shirun da ke kayar da 'ya'yanmu a ɗakin tantancewa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk shekara Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Waziri Umaru suna yaye matasa masu ɗimbin yawa. Su gama bautar ƙasa, su dawo gida, su shiga cike fom na neman aiki a waya. Wanda ya tsallake jarrabawar kwamfuta ta banki ko wani babban kamfani, sai a kira shi Abuja ko Legas, wuni guda na tantancewa. A nan da dama ke zubewa, alhali ilimin yana nan.

Ga yadda abin yake. A zaunar da mutum shida ko takwas a teburi ɗaya, a miƙa musu takarda: reshen banki na rasa masu ajiya, kuɗin gyara kaɗan ne, me za a yi? Minti ashirin ko talatin. A gefe ma'aikata na zaune da biro, ba sa cewa uffan, abin da suka gani suka ji shi kaɗai suke rubutawa. Tsarin ya daɗe, tun 1942 sojojin Birtaniya ke zaɓen hafsoshi da irinsa, kafin kamfanoni su ɗauka.

To yaronmu ya taso an hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, kada ya tari numfashin wani, kada ya nuna ya fi kowa sani. Tarbiyya ce ta gari, ba mai cewa a watsar da ita. Amma a wannan teburi amsar tana bakinsa, yana jiran a ce "Malam, kai fa?" Ba mai cewa. Lokaci ya cika, takardar da ma'aikatan ke rubutu a kansa fara fat. 'Yan matanmu sun fi shan wannan, abin da ciwo.

Mai babatu shi ma faɗuwa yake, don ana lura da wanda ya danne 'yan'uwansa. Mai hayewa shi ne wanda zai saurara, ya duba agogo ya ce, "Saura minti biyar, mu tsayar da shawara." Ko ya waiwayi wadda ba ta ce komai ba, ya ce, "Ke mene ne ra'ayinki?" Kawaicin da muka gada ke nan, in an haɗa shi da buɗe baki.

Sai ganawar ido da ido. A ce, ba mu labarin wata matsala da ka taɓa warwarewa. Ya yi tsuru-tsuru, don a ganinsa bai taɓa aikin ofis ba. Nan kuwa shi ke riƙe lissafin albasar mahaifinsa a Aliero, shi ya sasanta da direba ranar da mota ta lalace da kaya a hanya, ko shi ya raba wa 'yan ƙwadago aiki a fadamar shinkafa ta Argungu. Irin wannan labarin ake nema, in ya faɗi abin da ya faru, abin da shi kansa ya yi, da yadda aka ƙare.

Kiranmu ga shugabannin sassa a jami'o'inmu: kafin a yaye ɗalibai, a zaunar da su rukuni-rukuni, a sa agogo, a bar su su yi muhawara da Turanci har bakinsu ya saba. Iyaye kuma, in da hali, a ba yaro kuɗin mota ya isa ana gobe, kada ya kwana a hanya ya shiga ɗakin da jajayen idanu.