Ciwon ciki mai daɗewa da dukiyar da yake lashewa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Idan mutum ya yi hatsari, ko aka yi masa tiyatar gaggawa, kowa yana gani. 'Yan'uwa su taru, abokai su kawo abin da ya sawwaƙa, a biya asibiti, bayan 'yan makonni a sallame shi a zo yi masa barka. Komai yawan kuɗin da aka kashe, an san inda ya fara, an san inda ya tsaya. Sharhinmu na yau kan jinyar da ba ta da ranar sallama ne, wato ta masu ciwon ciki da hanji mai daɗewa, da irin ɓarnar da take yi wa aljihunsu da na iyalansu shekara da shekaru.

Cututtukan suna da yawa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gyambon ciki, da ƙwannafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Akwai masu hanjin da ba ya jure sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir, abin da ake ƙiyasin yana samun kusan mutum 1 cikin 100. Sai kuma masu nauyin cikinsu, cututtukan kumburin hanji guda biyu. Ta farko ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta shi da abokan aikinsa biyu a birnin New York a 1932. Ta biyu ita ce mai sa gyambo a babban hanji, mutum ya riƙa zawo da jini da majina. A duka biyun garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa hanjinsa. Wani babban nazari kan cututtuka a duniya ya ƙiyasta cewa masu fama da su sun kai kusan miliyan 6.8 a 2017, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da ke raba mutum da su har abada. Ana dai kwantar da su, su lafa, su sake tashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne galibi suna fara bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35, daidai lokacin da mutum yake karatu, ko yake kama sana'a, ko yake shirin kafa iyali. Ciwon yakan riga arzikin isowa.

Kuɗi yana fara tafiya tun kafin a san sunan ciwon. Mutum ya ji cikinsa na murɗawa, ya je kantin magani, a ce olsa ce. Ya sha, ya ɗan samu sauƙi, bayan wata guda abin ya dawo. A ce taifot ne, a ce atini ne, a ce basir ne. Kowane zato da nasa magani, kowane magani da nasa kuɗi, kuma babu wanda ya yi tsadar da za ta sa mutum ya tsaya ya yi lissafi. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita ma lamarin ya fi rikitarwa, domin cutar Crohn tana kama da tarin fukan hanji ƙwarai, har ƙwararrun likitoci na shan wuya kafin su rabe su. Wani sai ya sha maganin tarin fuka wata shida cur kafin a gane ba shi ba ne.

Gwajin da zai raba gardama shi ne wanda ake zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki ko ta dubura a leƙa ciki, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin awo. Shi kuma wannan gwajin mutane ke gudu, saboda kuɗinsa dunƙule ake biya. Ba kuɗin asibiti kaɗai ba ne. Wanda za a leƙa babban hanjinsa sai ya yini bai ci abu mai nauyi ba, ya sha ruwan wanke hanji mai yawa, ya kwana yana zarya tsakanin gado da bayan gida. Washegari a yi masa allurar barci, don haka dole wani ya rako shi ya mayar da shi gida. Kun ga aikin kwana biyu ya tafi ga majinyaci, na yini guda ga ɗan rakiya, ga kuɗin mota idan asibitin da ke da na'urar yana wani gari. Mai neman na yau da na gobe idan ya auna wannan, sai ya koma kantin magani. Ni kuwa ban ga laifinsa ba, ko da yake na tabbata idan aka tara abin da zai kashe a can cikin shekara biyu ko uku, sau da yawa zai wuce kuɗin gwajin da ya gudu.

Labarin gyambon ciki ya isa misali. Shekaru da dama likitocin duniya suna ɗora laifinsa kan damuwa da yawan tsamin ciki, majinyata kuma suna shan maganin rage tsami har ƙarshen rayuwarsu. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, bangon cikinsa ya yi kumburi, ya kafa hujja. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ma'anar wannan ga aljihun majinyaci ita ce, mutane da yawa da ke sayen maganin olsa wata bayan wata za su iya rabuwa da ciwon idan aka gwada su aka samu ƙwayar, aka haɗa musu magungunan kashe ta da na rage tsami na kimanin kwana 14. Wasu kuma gyambon nasu daga magungunan ciwon jiki ne irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin, waɗanda suke sha kullum ba tare da wani ya taɓa gaya musu suna cin bangon ciki ba. Mutum yana biyan kuɗin abin da ke ji masa ciwo, yana kuma biyan kuɗin maganin ciwon.

To, a ce an gano ciwon, kuma ya kasance irin wanda ba ya warkewa. Nan ne doguwar tafiyar take farawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin kantin magani ya san wannan mutumin. Zai miƙa takardar likita, a faɗa masa kuɗin na wata guda, ya yi shiru, ya laluba aljihu, sannan ya sassauta murya ya ce, "A ba ni na kwana goma tukuna." Idan ya koma gida, ƙwayar da aka ce ya sha kullum sai ya mayar da ita yau a sha gobe a huta, don ta kai shi ƙarshen wata. Da ya ji sauƙi kuma sai ya ajiye ta ɗungurungum, tunda ga kuɗin makarantar yara, ga haya.

Wannan ajiyewar ita ce mafi tsada a duk jinyar. Magunguna irin su mesalazine da azathioprine aikinsu hana ciwon tashi, shi ya sa a lokacin da mutum yake jin garau ne ake buƙatar ya riƙe su da kyau. Idan aka bari ya tashi, sai kwanciya asibiti, sai ƙarin ruwa da ƙarin jini, wani lokaci hanji ya toshe ko ya huje a shiga tiyata. Abin da aka tsimi cikin wata shida sai ya tafi a dare ɗaya, har da bashi a kai. Akwai kuma tarkon prednisolone. Yana da araha, yana kwantar da kumburi nan da nan, don haka wanda ba shi da hali yakan manne masa. Amma an yi shi ne don gajeren lokaci. Idan aka daɗe a kansa yana raunana ƙashi, yana iya jawo ciwon sukari da hawan jini da yanar ido, kowanne kuma da nasa layin asibiti.

Ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, an samu ci gaba na gaske. A 1998 Amurka ta amince da infliximab don cutar Crohn, maganin da ake ɗurawa ta jijiya, galibi duk bayan mako takwas. Daga baya adalimumab ya biyo, allurar da ake yi duk mako biyu, wadda sai an ajiye ta a firiji. Sun tashi mutane da yawa daga kan gado, amma sun zo da ɗan karen tsada. Farashin bai fara sauka ba sai da aka ba wasu kamfanoni damar yin makamantansu: na infliximab ya shiga Turai a 2013, na adalimumab ya shiga Turai a 2018, Amurka kuwa sai a 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Sai dai shiga jeri daban, isa hannun majinyaci daban, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yawancin masu buƙatarsa sunansa kawai suke ji.

Kada a ɗauka inshora tana share hawaye gaba ɗaya. Wani nazari da aka yi a Amurka kan masu inshorar lafiya ya nuna cewa abin da ake kashewa a shekara kan mai kumburin hanji ya ninka na wanda ba shi da ciwon fiye da sau uku, abin da yake cirewa daga aljihunsa kuma ya ninka fiye da sau biyu. Idan haka ne ga mai inshora, sai ku auna halin wanda komai daga aljihunsa yake fita. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a baya shi ne, gidan da jinya ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa ko yake samu ya shiga mawuyacin hali, kuma rahotonta da Bankin Duniya ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke cikin wannan hali a 2019. Mai ciwo mai daɗewa yakan tsallake wannan layin bana, ya sake tsallake shi baɗi.

Akwai kuma asarar da ba ta da rasit. Mai zawo sau goma a yini ba zai iya tuƙin doguwar hanya ba, ba zai iya tsayuwa gaban ɗalibai awa biyu ba, ba zai iya barin shago babu kowa kowane rabin awa ba. Kafin ya fita daga gida sai ya lissafa inda bayan gida yake a hanyarsa. Ga rashin jini da kasala. Samu yana raguwa daidai lokacin da kashewa ke ƙaruwa. Kuma da yake ciwo ne da ake jin kunyar faɗa, da wuya ma'aikaci ya dubi shugabansa ya yi masa bayani dalla-dalla, sai a ɗauke shi malalaci, ƙarin girma ya wuce shi, wani ma a sallame shi. Mai jinya, wadda sau da yawa uwa ce ko mata, ita ma tata sana'ar tana tsayawa. Wanda aka yanke masa hanji aka fitar masa da mafita a gefen ciki kuwa, jakar da yake mannawa abin saye ce muddin yana tare da mafitar. Haka ciwon yake cin gida kamar gara, daga waje gini na tsaye, har masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Ai ka warware, ga ka nan garau." Da sun faɗi haka kuma, taimako ya yanke.

A wannan gaɓar ne masu cin kasuwar wahalar mutane ke shigowa, masu tallar maganin sha yanzu magani yanzu, da masu jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Wanda ya gaji, aljihunsa ya ƙare, shi ya fi saurin faɗawa hannunsu.

Ra'ayina a nan bai da ɓoyo. Tsarin lafiyar da zai biya wa mutum kuɗin tiyata amma ya bar shi da kuɗin gwaji da na ƙwayar da za ta hana a kai ga tiyatar, tsari ne da ya yi lissafi a baibai. Kamata ya yi hukumomin lafiya da kamfanonin inshora su sa gwajin leƙa ciki da magungunan yau da kullum na masu irin wannan ciwo cikin abin da suke ɗauka, su riƙa sayo magungunan da yawa a dunƙule don farashi ya sauka. Masu ɗaukar ma'aikata kuma abin da ake nema a wajensu bai taka kara ya karya ba: izinin zuwa asibiti ba tare da yanke albashi ba, da wurin aiki kusa da bayan gida. 'Yan'uwa masu niyyar taimako, kuɗin maganin wata-wata da za ku ɗauka, komai ƙanƙantarsa, ya fi masa amfani a kan dunƙulen da za ku kawo ranar da aka kwantar da shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai fama da wannan ciwo, ke ma 'yar'uwa, ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku. "Likita, ba zan iya sayen wannan duk wata ba" magana ce da likitoci ke ji kullum, kuma sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ko a tsara gwaje-gwaje a fara da wanda ya fi zama dole. Likitan da bai san ka rage magani ba zai zaci maganin ne bai yi aiki ba, ya ƙara maka wanda ya fi shi tsada. Wanda ya daɗe kan prednisolone kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi bisa umarnin likita. Wanda ya kai kimanin shekara takwas da kumburin babban hanji yana buƙatar a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda haɗarin sankara, ko da yana jin lafiya lau. Idan kuma aka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ana aman jini, ko ciki ya kumbura ya ƙi taɓuwa, ranar za a tafi asibiti, ba a jiran ƙarshen wata.