Sharhi: Zaman Karatu a Gidan Fasto da Ya Girgiza Cocin Jamus

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Frankfurt na ƙasar Jamus a shekarar 1670, lokacin da wani fasto na ɗariƙar Luther mai suna Philipp Jakob Spener ya fara tara mutane a gidansa ranakun Lahadi da Laraba. Abin da ake yi a zaman bai taka kara ya karya ba: a yi addu'a, a tattauna wa'azin da aka ji a coci, daga baya kuma aka koma bin Littafi Mai Tsarki aya bayan aya. Mata ma suna zuwa, sai dai a keɓe suke zama, su saurara ba tare da sun tofa ba.

To me ya tayar da ƙura? Ai tun 1534 Martin Luther ya kammala fassara littafin zuwa Jamusanci. Littafi yana nan da harshen jama'a, amma bayanin ma'anarsa ya maƙale a bakin mai wa'azi shi kaɗai, yana kan mumbari yana ragargazar abokan hamayyarsa na aƙida, talaka kuwa yana gyangyaɗi a kan benci. A gidan Spener, lauya da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu kowa na iya cewa bai gane aya kaza ba, ko ma ya kawo tasa fahimtar. Nan gizo ke saƙar. A 1675 Spener ya wallafa shawarwari 6 na gyaran coci, ta farkonsu ita ce a sa jama'a su riƙa karanta littafin da kansu, a kuma tattauna shi.

Abin ya bazu. A jami'ar Leipzig, cikin 1686, August Hermann Francke da abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin littafin da Ibrananci da Helenanci, wato Girkanci. Da suka fara bayani da Jamusanci sai mutanen gari suka yi ta tururuwa, ɗalibai suka riƙa ƙaurace wa azuzuwan manyan malamai. Ba a je ko'ina ba, a 1690 hukuma ta haramta zaman. A Suwidin ma an kafa irin wannan doka a 1726, ba a soke ta ba sai 1858. A gaskiya tsoron hukumomin ba na banza ba ne, domin tun a Frankfurt wasu daga cikin 'yan zaman sun ɓalle daga coci suna ganin sun fi kowa tsarki. Amma a ganina maganin da suka zaɓa ya fi cutar muni, bai kuma hana komai ba.

Francke ya koma birnin Halle, ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a 1695. A nan ne, cikin 1710, wani attajiri mai suna Canstein ya kafa cibiyar buga Littafi Mai Tsarki. Dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta. A wancan zamani mai ɗab'i yakan jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ya buga shafi, sannan ya wargaza su domin ya jera na gaba. Canstein ya zuba kuɗi aka tanadi haruffan da za su ishi kowane shafi ya zauna a jere dindindin. Duk sanda ake son ƙari sai a shafa tawada a danna, kuskure kuma sau ɗaya ake gyara shi. Farashi ya faɗo har mai aikin lada ya iya mallakar nasa.

Wannan zare ya iso ƙasar Hausa. Magadan wannan tafiya ne suka kafa mishan ta birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1815, a can kuma James Frederick Schön ya yi karatu, wanda ya bi ayarin binciken da Turawan Ingila suka tura kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da daga baya ya zama bishop. Shi ya fassara Linjilar Matta zuwa Hausa aka buga a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai a 1932 ya fito, bayan doguwar hidimar Dakta Walter Miller, Baturen mishan da ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa.